Bikin Aure a Filin Allah

Shirinmu na yau ya shafi bikin auren da ake yi a fili, ƙarƙashin sararin samaniya, da abin da ya kamata uban biki ya tanada tun ranar da aka sa ba ta ƙarato ba, gama magabata sun ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya.

Ko da yake a zamanin nan birane irin su Kano da Kaduna da Abuja sun cika da zaurukan taro waɗanda ake kamawa da kuɗi masu nauyi, har wasu samari suna ganin biki a fili alama ce ta rashin hali, duk wanda ya san asalin al'amarin ya san a ƙofar gida ko a harabar masallaci aka san ɗaurin auren Bahaushe, inda za a share wuri, a yayyafa ruwa, a baza tabarmi, liman ya zauna, waliyyin amarya da wakilin ango su fuskanci juna, a ambaci sadaki, a yi siga, a shafa Fatiha, sanƙira ya ɗaga murya ya isar wa na nesa abin da na kusa suka ji, sa'an nan a raba goro da dabino. Wannan al'ada kuwa tana da tushe a Shari'a. Malamanmu na Malikiyya, kamar yadda ɗalibi yake tararwa a cikin Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, sun sharɗanta waliyyi da sadaki da shaidu biyu adilai, sun kuma ƙi auren sirri, domin bayyanawa ce take kare mutuncin mace da nasabar 'ya'yanta. Wurin da mai katin gayyata da marar shi za su iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa su ji da kunnensu ya fi kowane rufaffen zaure cika wannan manufa.

Ya tabbata a cikin Sahihul Buhari, daga Anas ɗan Maliku, cewa a shekara ta 7 bayan Hijira, sa'ad da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake komowa daga Haibara, ya yada zango na kwana 3 a kan hanyar Madina, a can kuwa aka yi walimar aurensa da Uwar Muminai Safiyya. Babu gurasa, babu nama. Shimfiɗu na fata aka baza a ƙasa, aka zuba dabino da cuku da man shanu, sahabbai suka ci. Wanda ya riƙe wannan labari ba zai ji kunyar tabarmarsa ba, amma kuma ba zai ɗauki sauƙin walima hujjar sakaci ba, gama wanda ya kira mutane fili ya ɗauki amanar lafiyarsu da jin daɗinsu tun daga isowarsu har watsewarsu.

Farkon wannan amana shi ne zaɓen lokaci, a nan kuwa kakanninmu sun fi mu basira. Sun saba ajiye biki sai bayan kaka, lokacin da gero da dawa suka shiga rumbu, aka sayar da gyaɗa da auduga, hannu ya yi nauyi, hanyoyi suka bushe, sama kuma ta ɗauke ruwanta. Mu a yau albashi da hutun makaranta da watannin Musulunci ne suke sa mana rana: wasu suna gaggawar a ɗaura kafin azumi, wasu kuma suna jiran Shawwal, watan da Uwar Muminai A'isha ta ba da labari cewa a cikinsa aka aure ta, a cikinsa kuma ta tare. Sai dai shekarar wata tana gaza ta rana da kamar kwana 11, saboda haka watannin suna zagaya yanayi duka cikin shekara 33 ko kusa da haka. A shekarar 2010 azumi ya kama a watan Agusta, tsakiyar marka, a 2025 kuwa ya kama a Maris, Shawwal ya faɗo a Afrilu, lokacin da zafin bazara yakan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri. Don haka duk mai cewa zai yi bikin 'yarsa bayan ƙaramar Salla kamar yadda aka yi na yayarta, sai ya tsaya ya duba a wane yanayi Sallar bana ta same shi.

Idan ƙaddara ta sa ranar ta faɗo a damina, wadda a ƙasar Kano takan kankama daga Yuni zuwa Satumba, a Kaduna da Jos kuwa ta riga haka sauka ta kuma daɗe, to, ya kamata a tuna da abin da kowane manomi ya sani, wato hadarin ƙasarmu daga gabas yake tasowa, galibi da yamma ko da dare, iska mai ƙarfi kuma ita ce take riga ruwa isowa. Wannan iska ita ce abin tsoro ga mai rumfa, gama takan shiga ƙarƙashin tamfol ta ɗaga shi da ƙarafansa ta kifar a kan mutane. A kafa turaku da kyau, a ɗaure kowace kusurwa da igiya, kada a dogara ga dutsen da aka jingina wa ƙafar rumfa. A sa ɗaurin auren da hantsi. A kuma nemi mafaka tun da wuri, ko zauren maƙwabci ko ajin makarantar unguwa, a sanar da matasan da za su yi hidima inda za su kai tsofaffi in sama ta haɗe, domin gindin doguwar bishiya, inda kowa yakan ruga, wuri ne mai hatsari sa'ad da ake tsawa.

Hunturu ya fi sauƙi, ko da yake ƙurarsa tana sauka a kan abincin da aka bari buɗe, sanyin safiyarsa yana wahalar da dattawa, hazonsa kuma yakan hana jirgin da ya ɗauko baƙi sauka a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. A nisanta murhu daga zana da ɗan itacen da aka tara, gama lokacin gobara ke nan.

Bazara kuwa, a ganina, ita ce ta fi jarraba uban biki, domin ba ta zuwa da hadarin da zai tsorata shi ya yi shiri, sai ya sake, har ranar ta zo ya ga malaman da ya gayyato suna zaune a rana suna kare fuska da hannun riga. Inuwa tana tafiya; da safe tana yamma da bango, da la'asar ta koma gabas da shi, da tsakar rana kuma ta tattare a gindinsa. Saboda haka wanda zai zaɓi wuri ya je ya tsaya a cikinsa, mako guda kafin biki, a daidai sa'ar da za a taru, ya ga da idonsa inda inuwar darbejiya ko ceɗiya ko durumi take kaiwa, a nan ya ajiye shimfiɗar liman da manyan baƙi. Rumfar tamfol mai gajerun ƙafafu takan zama kamar tanderu a watan Afrilu, alhali rumfar zana ta mutanen dā tana barin iska ta ratsa. In ba makawa sai tamfol, a ɗaga shi sama, a bar gefensa a buɗe. A wadata wurin da ruwan sha tun kafin baƙon farko ya iso, a ajiye randa ko sanyayyen ruwan leda a inda mutum zai miƙa hannu ya ɗauka ba sai ya roƙa ba. Shinkafa da miyar taushe da kunun zaƙi ba sa jure wannan zafi, don haka a daidaita sauke tukunya da lokacin rabo, kada abin da aka dafa da asuba ya kai la'asar a cikin kula.

Akwai kuma wani haƙƙi wanda ake yawan mantawa da shi, shi ne haƙƙin hanya. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gargaɗi sahabbansa game da zama a kan hanyoyi, da suka nuna masa ba su da makawa sai ya umarce su da su ba hanya haƙƙinta, daga ciki har da runtse ido da kame cuta da amsa sallama. To, ina matsayin wanda ya gicciya rumfa da kujeru a titin unguwa tun daga safe har dare, alhali a bayan wannan rumfa akwai mai naƙuda da za a kai asibiti, da mai kura da yake neman abincinsa, da gawar da za a kai makwanci? In ƙofar gida ba ta isa ba, a nemi filin makaranta ko na Idi da izinin masu kula da shi. In kuwa dole sai an taɓa titi, a sanar da mai unguwa, a bi maƙwabta gida gida a nemi yardarsu, a bar gefen da mota za ta wuce, a sa samari masu hankali su tsare shi. Haka nan lasifika da janareto, a juya bakinsu daga tagogin mutane, a kashe su in an kira salla, kada kuma su kai dare.

Taron mata na kamu da yinin biki, wanda akasari a tsakar gida ake yinsa, shi ma fili ne, yana bukatar inuwa da ruwa kamar na maza, ya kuma ƙara da bukatar sutura. In ya fito waje, a kewaye shi da zana ko labule. A tanadi butoci da wurin alwala da makewayi ga kowane ɓangare, domin taron da ya ratsa Azahar da La'asar ba zai rasa masu bukatarsu ba.

Daga ƙarshe sai shara. A sa wa wasu wannan aiki da sunansu tun kafin biki, su tattara ledoji kafin iska ta kai su cikin kwata, su cike ramukan turaku, su naɗe tabarmin masallaci da na maƙwabta su mayar wa masu su a ranar, tare da ɗan goro na godiya.

A nan za mu dakata, jama'a masu sauraro. Allah ya sanya albarka a auren da aka ɗaura da wanda za a ɗaura.