Uba ya ɗauke yaro bayan saki: me shari'a ta ce, kuma yaya uwa za ta yi?

Tambaya: Daga Tsamaye nake. Mijina ya sake ni, bayan na yaye ɗanmu sai ya zo ya ɗauke shi ba da sanina ba, ya kai shi wajen danginsa a Isa. Mutane suna cewa in haƙura, ɗa na uba ne. Idan na ci gaba da nemansa na saɓa wa haƙuri?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya haɗa ki da ɗanki. Ki sani nasaba da ciyarwa na uba ne, amma riƙo naki ne. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, uwa ce ke riƙon ɗa namiji har ya balaga, mace kuma har ta tare a ɗakin mijinta. Ko kin yi wani auren, riƙon mahaifiyarki yake komawa, sannan 'yar'uwarki. Karɓe yaro da zarar an yaye shi al'ada ce kawai.

Irin wannan ta faru da wanda ya fi mijinki. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Umar ɗan Haɗɗabi (RA) ya tarar da ɗansa Asim yana wasa a Ƙuba, ya ɗora shi a kan dabbarsa. Kakar yaron ta wajen uwa ta cim masa, suka je gaban Abubakar (RA), ya umarce shi ya bar mata yaron. Umar bai mayar da magana ba.

Batun haƙuri kuwa, ki dubi Ummu Salama (RA). Lokacin hijira danginta suka tsare ta a Makka, dangin mijinta suka fizge ɗanta Salama har hannunsa ya goce, mijin kuma ya wuce Madina. Kusan shekara guda tana fita Abɗah kowace safiya tana kuka har yamma, a idon jama'a, har wani ɗan'uwanta ya ji tausayi ya yi magana aka sake ta, aka mayar mata da ɗan. Ta goya hanyar Madina ita da yaron kaɗai, sai a Tan'im Usmanu ɗan Ɗalha ya gamu da ita ya raka ta Ƙuba. Babu malamin da ya kira wannan rashin haƙuri. A ganinmu jarumtaka ce, kuma uwar da ke zarya tsakanin gidan maigari da kotu saboda ɗanta tana kan wannan turba.

Ki fara da manyan ɓangarorin biyu da liman. In abin ya faskara, ki kai ƙara kotun shari'ar Musulunci tare da waliyyinki da shaidu, akwai kuma damar ɗaukaka ƙara har Sakkwato. Kada ki je ki sato shi, kada kuma ki zagi uban a gabansa.

Kai kuma uba, malamai sun ba ka damar tafiya da yaro ne idan za ka ƙaura ƙaurar zama mai nisan baridi 6, wato sama da kilomita 120, da sharaɗin amincin hanya da garin da za ka. Isa ba ta kai wannan nisan ba, halin hanyoyin Sabon Birni kuwa ka fi mu sani. Tirmizi ya ruwaito daga Abu Ayyub (RA) gargaɗin Annabi (SAW) cewa mai raba uwa da ɗanta za a raba shi da masoyansa ranar ƙiyama.

Allah ne Mafi sani.