Ɗan ci-rani, ka biya gidan likita kafin ka ɗauki hauya

Ƴan uwa manoma, hadari ya fara haɗuwa. Samarin Rumbu da suka tafi ci-rani Kano, Legas ko Abijan suna ta komowa gida. Sun zo da tsaraba. Amma akwai wanda ya zo da tsutsa a jikinsa bai sani ba.

Kowace damina ina gamuwa da irinsu a gona: ƙato ne, amma kafin hantsi ya zauna yana haki. Sai a ce birni ya lalata shi. Sau da yawa ba ƙiwuya ba ce, jini ne ya ragu. Wata tsutsa tana shiga ta tafin ƙafar mai yawo ba takalmi a ƙasa mai laima inda ake bayan gida. Ta zauna cikin hanji tana shan jini. Ku duba cikin idonsa, za ku ga ya yi fari. Likita zai auna bayan gidansa, ya ba shi ƙwayar albendazol da maganin ƙarin jini.

Wadda ta fi damuna ita ce tsargiya. Wanda ya yi aikin shinkafa ko wanka a ruwa kwance, ƙwayarta tana fitowa daga katantanwa ta huda fatarsa. Sai bayan watanni ya ga jini a ƙarshen fitsari. Wasu suna cewa alamar balaga ce. Ba haka ba ne. In ta daɗe tana ɓata mafitsara da ƙoda. Kuma in mai ita ya yi fitsari a tabki mai katantanwa, yaran da ke wanka ciki za su ɗauka.

Ka kai fitsarin tsakar rana a auna, lokacin ne ƙwai ya fi fita. Maganinta farazikwantel, ana sha rana ɗaya, gwargwadon nauyin mutum ko tsawonsa. Ka ci abinci tukuna. Kada ka saya wajen mai talla. Ka faɗa wa likita garin da ka zauna da ruwan da ka shiga, kada ka ji kunya.

Kurkunu kuwa, tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Nijar ta rabu da shi, amma bai ƙare a Cadi ba, kuma yana shekara a jiki kafin ya fito. Wanda ya komo daga can, in ƙurji mai zafi ya fito masa a ƙafa, kada ya sa ta cikin tabki. A sanar da gidan likita mafi kusa, ko asibitin Dakoro, ran nan.