Daga Injin Ban-Ruwa Zuwa Injin Jirgin Sama

Duk wanda ya bi hanyar Zariya daga Kano da rani, in ya iso Kura zai tarar da rumfunan makanikai a bakin titi, injinan ban-ruwa barbaje a gabansu, yara 'yan koyo suna wanke kafireto da fetur. Sana'ar nan ta bunƙasa ne bayan da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya kankama a Kadawa da Kura da Bunkure, har manoman da ruwan magudanai bai kai gare su ba suka koma ga inji. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa tazarar da ke tsakanin rumfar nan da zauren gyaran jirgin sama ba ta kai yadda ake zato ba, sa'an nan ta nuna inda tazarar take.

Ƙaramin injin ban-ruwa da injin ƙaramin jirgi mai farfela 'yan gida ɗaya ne. Dukansu fistin ke aiki a cikinsu, iska ke sanyaya su ba ruwa ba, kuma wutar fulogi daga maganadisu take fitowa, ba daga batir ba. Sai dai na jirgi an yi masa fulogi biyu a kowace silinda, kowanne da tushen wutarsa daban, domin in ɗaya ya mutu ɗayan ya riƙe aiki. Irin wannan inji mai silinda huɗu aka sa wa Air Beetle, watau jirgin koyon tuƙi da aka fara haɗawa a Kaduna a 1989 bisa zanen wani ƙaramin jirgin Amurka, aka kuwa haɗa kimanin 60 don Rundunar Sojan Sama. Yaron da ya iya gane ciwon inji daga jin kukansa, ya riga ya mallaki abin da makaranta ke shan wuyar koyarwa.

To, ina bambancin? Bambancin na ɗabi'a ne. Bakaniken rumfa yakan ɗaure noti har sai hannunsa ya ce ya isa. Na jirgi kuwa da sifana mai ma'auni yake ɗaurewa, ya kai adadin da littafi ya faɗa, ya kuma tsare notin da waya don kada girgiza ta kwance shi. A rumfa ana jira abu ya lalace a gyara. A jirgi ana cire shi in ya cika awoyinsa na tashi, ko da yana ƙyalli. Kowane aiki sai an rubuta shi, kuma jirgi ba ya tashi sai injiniya mai lasisin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ya sa hannu. Dabarar "a lallaɓa ya kai mu gida", wadda ke rufa wa manomi asiri, a sama ajali ce. A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero ya harhaɗa jirgi mai saukar ungulu da injin mota da tarkacen ƙarafa, har ya ɗaga daga ƙasa kaɗan. Duniya ta yi ta labarinsa, amma hazaƙa ita kaɗai ba ta mai da shi jirgin da za a amince wa rai ba.

Saboda haka hanyar dole ta ratsa ta makaranta, kuma bakinta na nan kusa. A 1977 Gwamnatin Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandare na kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. Daga nan mai lissafi da fiziya da Turanci yana iya neman Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, inda ake horar da injiniyoyin gyara tare da matuƙa. Ko kuwa cibiyar fasaha ta Sojan Sama a Kaduna. A Kaduna ɗin aka ƙaddamar da jirage marasa matuƙi guda biyu na gida, Gulma a 2013 da Tsaigumi a 2018. (Sunayen kansu abin nazari ne ga ɗalibin Hausa: aikin jiragen shi ne su gano su kai rahoto.) Abin takaici shi ne ɗan makaranta yakan raina baƙin mai, ɗan rumfa kuma ba shi da takarda, alhali sana'ar mutum ɗaya take nema mai duka biyun.

Batun mata ya fi wuya. Makarantar kimiyya ta 'yan mata ba ta samu ba sai a 1981 a Taura, wadda yanzu ke Jihar Jigawa. Matan da suka yi suna a harkar, irin su Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci a Nijeriya, wadda ta shugabanci kwalejin Zariya daga 2011, a kujerar tuƙi aka san su. Mai riƙe da sifana ba a ɗaukar hotonta. Hujjar da akan kafa ta ƙarfin jiki ba ta da tushe. A Yaƙin Duniya na Biyu mata ne suka cika masana'antun jirage a Amurka da Ingila. Ga shi kuma yawancin aikin zamani na wayoyi ne da na'urorin auna tafiya da duba tsagar da ido ba ya gani, wanda haƙuri da natsuwa yake so. Abin da ke tare yarinyar Bunkure shi ne yawan shekarun karatu, da nisan gida, da yadda ake kallon mace cikin rigar makanikai. Iyayen da suka yarda 'yarsu ta yi aikin jinya na dare a asibiti, in an kai su sun ga tsabtar zauren gyaran jirgi da tsarinsa, da wuya su ƙi.

Aiki kuwa yana jira. Manyan gyare-gyaren jiragen Nijeriya da dama ƙasashen waje ake kai su, har da Habasha, ana biya da kuɗin waje. Shinkafar Kura ma tana da ruwa a ciki, domin in tsuntsayen jan-baki suka sauka a Arewa, da jirgi ake yi musu feshi, kuma ƙananan jirage marasa matuƙi sun fara shiga aikin gona. Daga Dawakin Kudu zuwa kwalejin Zariya bai kai tafiyar awa uku a mota ba. Ziyarar yini ɗaya ta ɗalibai maza da mata, tare da iyayensu, ba ta fi ƙarfin kowace makaranta ba.