Binciken ciwon zuciya da huhu: da wane mudu za a auna shi a Ƙonni?

Duk wanda ya taɓa zaman jira a asibitin Galmi, wanda mishan ɗin SIM ta buɗe a 1950, ko a gidan likitan Birnin Ƙonni, ya san waɗannan marasa lafiya. Ga mai jego da ƙafafunta suka kumbura, da ta kwanta rigingine sai haki ya taso mata. Ga tsohuwar da ta tsufa a bakin murhu, yanzu tari ya hana ta barci. Ga manomin albasa da bai san yana da hawan jini ba sai ranar da ɓarin jikinsa ya shanye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9, cutar toshewar hanyoyin numfashi kuma ta kashe sama da miliyan 3, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita.

Duniya ta zuba kuɗi a binciken waɗannan cututtuka. A 2009 cibiyar gwamnatin Amurka mai binciken zuciya da huhu da jini ta haɗa hannu da kamfanin UnitedHealth, suka tallafa wa cibiyoyi 11 a ƙasashe masu tasowa. Na Afirka suna Kenya da Afirka ta Kudu da Tunisiya, babu ko ɗaya a yankin Sahel. Idan an tashi auna irin waɗannan shirye-shirye, akan ƙirga maƙalun da aka wallafa da matasan da aka horar. Ƙirga ce mai amfani, amma ba ta faɗa mana ko mai jegon nan ta samu sauƙin numfashi.

Gwajin murhu ya nuna dalilin da ya sa dole a auna a jikin mutum. Hayaƙin itace yana cutar da huhu, don haka aka ɗauka da an raba ingantaccen murhu ciwon zai ragu. A Malawi aka gwada da yara sama da 10,000, sakamakon da ya fito a ƙarshen 2016 kuma ya nuna ciwon namoniya bai ragu ba. Murhunan sun riƙa lalacewa, gidaje da yawa kuma ba su bar murhun duwatsu uku ba. Wani gwajin mai suna HAPIN ya bi mata masu ciki 3,200 a Gwatamala da Indiya da Peru da Ruwanda, ya ba rabinsu kukar gas. Hayaƙin da suke shaƙa ya ragu ƙwarai, amma nauyin jariransu bai bambanta da na sauran ba. Hayaƙi dai cuta ne har yanzu. Abin da aka koya shi ne yawan murhun da aka raba ba hujja ba ce ta samun lafiya.

Darasi na biyu daga gida ya fito. A shekarun 1970 masu bincike Davidson da Parry suka ba da rahoto daga Zariya cewa kusan mace ɗaya cikin ɗari tana samun raunin zuciya bayan haihuwa, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya kan gadon wuta. Maganar ta zauna a littattafan likitanci shekara da shekaru. A Yamai, Cénac da abokan aikinsa suka gano ƙarancin sinadarin seleniyom a jinin masu wannan ciwo. Daga baya rajistar PEACE, wadda Farfesa Kamilu Karaye na asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ya jagoranta, ta bi marasa lafiya a asibitocin Najeriya da dama. Ba ta samu alaƙar ciwon da kunun kanwa ko wankan jego ba. Abin da ya fito fili shi ne rama, da rashin karatu, da rashin sana'a, da hawan jinin masu ciki. Da ba a sake aunawa ba, da har yau al'ada kaɗai ake tuhuma, alhali talauci da yunwa na tsakiyar lamarin.

To me ya kamata mu tambayi duk wani shirin da zai shigo Ƙonni da Malbaza da Illela? Da farko, ko tambayar binciken tamu ce. Muna da hazon hunturu, muna girki da itace da kara, a Malbaza kuma ana sarrafa siminti tun shekarun 1960. Sanin tasirin waɗannan a ƙirjin mutane yana buƙatar na'urar awon numfashi da rajistar da ake cikewa shekara bayan shekara. Na biyu, ko an bi marar lafiya har gida. Nijar ta yi binciken STEPS a 2007 da 2021 don sanin yawan masu hawan jini, amma cikin waɗanda aka gano a Badagishiri ko Dogerawa, nawa ne ke shan magani bayan wata shida, nawa ne jininsu ya sauka? Na uku, me ya rage bayan an rufe shirin: na'urar awon jini tana aiki, maganin yana nan a cibiyar lafiya ta CSI da kuɗin da talaka zai iya biya, ma'aikacin da aka horar bai bar garin ba?

Akwai kuma haƙƙin waɗanda suka ba da jininsu da lokacinsu. Ya kamata a dawo a faɗa musu sakamakon da Hausa, a fadar maigari da gidan rediyon gari, ko da sakamakon ya ce abin da aka gwada bai yi amfani ba. Magadan gari da sarakuna da kwamitocin lafiya suna da ikon sa waɗannan sharuɗɗa tun kafin a ɗauki awon mutum na farko, kuma lokacin ne ya fi dacewa su yi magana.