Tsohon Miji Ba Ɓarawo Ba Ne: Gaskiya da Ƙarya a Maganar Tsaron Wadda Ake Yi wa Barazana

Idan aure ya mutu ko soyayya ta watse, namijin kuma ya ƙi haƙura har ya fara aiko da barazana, shawara ba ta yi wa mace ƙaranci. Wannan ya ce a ƙara tsayin katanga, waccan ta ce a ƙyale shi zai huce, wani ya ce a nemo masa 'yan daba su koya masa hankali. Matsalar yawancin shawarwarin nan ɗaya ce: suna ɗaukar mutumin ko dai a matsayin ɓarawon da ƙarfe zai tare, ko masoyin da kishi ya ɗebe na ɗan lokaci. Shi kuwa ba ko ɗaya ba ne. Mutum ne da ya san ƙofar da sakatarta ba ta kamawa sosai, ya san ranar da gidan yake zama ba namiji, ya san Islamiyyar da yara suke zuwa da lokacin tashinsu, kuma idan ya yi sallama ƙananan yaran gidan da gudu za su buɗe masa. Duk maganar tsaron da ba ta fara daga abin da ya sani ba, ta bar jaki tana dukan taiki.

Maganar da ta fi yawo, kuma ta fi kashe mutane, ita ce wai wanda zai aikata ba ya faɗa. Binciken da aka yi kan matan da aka kashe ya ƙaryata ta. A 2003 Jacquelyn Campbell ta Jami'ar Johns Hopkins da abokan aikinta sun wallafa nazarin da suka yi a birane 11 na Amurka, inda suka gwada rayuwar matan da mazajensu ko tsoffin masoyansu suka kashe da ta waɗanda aka ci zarafinsu amma suka rayu. Barazanar kisa da barazana da makami suna cikin manyan alamomin da suka bambanta su. Wani nazari na 1999 ya gano cewa kashi 76 cikin 100 na matan da aka kashe an yi ta bibiyarsu a shekarar da ta gabaci kisan. Wani kuma na 2008 ya nuna cewa macen da aka taɓa shaƙe wa wuya, haɗarin a kashe ta ya ninka fiye da sau bakwai. Mai musu zai ce maza nawa ne suka ce "sai na kashe ki" cikin fushi, ba su kuma yi komai ba? Gaskiya ne, su ne ma suka fi yawa. Amma wadda aka yi wa barazanar ba ta da hanyar sanin nata yana cikin wane rukuni, kuma kuskuren ɓangarorin biyu ba nauyinsu ɗaya ba. Idan ta ɗauki maganar da gaske alhali fanko ce, ta yi asarar kuɗin kwaɗo da ɗan surutun unguwa. Idan ta raina ta alhali gaske ce, babu gyara.

'Yar uwar wannan magana ita ce "tunda an rabu ai shi ke nan". A wajen namijin da ya saba juya mace yadda ya so, rabuwar ce lokaci mafi haɗari, domin a nan ne ikonsa yake suɓuce masa, kuma nazarin Campbell ɗin ya nuna haɗarin yana ƙaruwa sosai idan mace ta bar mai irin wannan hali. Wutar takan sake tashi idan ya ji ta fara zawarci ko an sa ranar aurenta. Kada kuma a ce wannan ciwon Turawa ne. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa a 2023 mata da 'yan mata kusan 51,100 ne suka mutu a hannun mazajensu, masoyansu ko danginsu a duniya, kuma Afirka ce ta fi yawa da kimanin 21,700. Mutanen Kano ba su manta da Satumbar 2022 ba, lokacin da wani tsohon masoyi ɗan ƙasar Sin ya kutsa gidan iyayen wata matashiya ya kashe ta da wuƙa, shari'ar da ta kai ga hukuncin kisa a babbar kotun jihar a Maris 2024. A gidan iyayenta abin ya faru, wurin da kowa yake cewa idan mace ta koma ta tsira.

To, ƙarfe fa? Nan akwai gaskiya, amma rabi. Canja kwaɗo da makullin kowace ƙofa a ranar farko wajibi ne, ko da ya dawo da makullinsa a gaban shaidu, tunda yanka wani a kasuwa aikin 'yan mintuna ne. Sakata mai ƙarfi daga ciki, 'yar kafar leƙe a ƙofar zaure, fitilar sola a waje, kawar da tulin bulo ko itacen da ke jingine da katanga, duk suna da amfani, domin suna sayo lokaci. Sai dai lokacin ba shi da amfani idan babu wanda zai zo. Haka kuma gidan da aka yi wa walda ta ko'ina, kowace taga da ƙarfe, ƙofar fita ɗaya tak, ya zama tarko ranar da mutumin ya riga ya shigo ko ya zo da galan ɗin fetur. Dole a bar mafita ta biyu wadda ake buɗewa daga ciki, kowa a gidan ya san inda makullinta yake ko a cikin duhu. Mafi raunin ƙofa kuwa ita ce wadda ake buɗe masa da hannu: ƙanwar da har yanzu take ce masa Yaya, almajirin da ya saba ba wa na kashewa, tsohuwar da kunyar suruki ba za ta bar ta ta ce masa ya tsaya a waje ba. Sai an tara mutanen gida an faɗa musu ƙarara cewa wane ba ya shiga, ba a kuma gaya masa inda wance ta tafi.

Akwai wata ƙofar da ba a cika tunawa da ita ba, wato waya. Sau da yawa shi ya saya, shi ya buɗe mata adireshin imel da Facebook, wani lokaci ma layin da sunansa aka yi rajista. Wanda ya taɓa riƙe wayar na ɗan lokaci yana iya haɗa WhatsApp ɗinta da wata na'urar ya riƙa karanta saƙonninta, ko ya kunna tsarin da ke nuna masa inda take a taswirar Google. Duba jerin na'urorin da aka haɗa, canja lambobin sirri da kunna tabbaci mai mataki biyu sun fi ƙarin layin bulo a katanga amfani. Shawarar da ake bayarwa cewa ta goge saƙonninsa don hankalinta ya kwanta kuwa kuskure ce babba. Kada ta amsa, amma kada ta goge. Dokar shaida ta 2011 ta amince da saƙon waya da muryar da aka naɗa a gaban kotu idan an cika sharuɗɗanta, don haka a ɗauki hotonsu, a tura wa wani amintacce, a kuma riƙa rubuta rana da lokacin duk da aka gan shi yana shawagi a layin.

Wannan ya kawo mu ga cewar 'yan sanda ba sa shiga maganar miji da mata, takardar kotu kuma takarda ce kawai. A aikace, ba ƙarya ba ne cewa mata da yawa sun je caji ofis an ce su koma gida a sasanta. A doka kuwa ba haka abin yake ba. Kundin Final Kod na Arewa, a sashe na 396 da na 397, ya mayar da tsoratarwa laifi, idan kuma barazanar ta kisa ce ɗaurin yana iya kaiwa shekara bakwai. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda aka fi sani da VAPP, ta haramta bibiya ta kuma ba kotu ikon bayar da umarnin kariya da zai hana mutum kusantar gida ko wurin aikin mai ƙara. A Abuja ta fara aiki, jihohi kuma suka riƙa yin tasu, kamar yadda Kaduna ta yi a 2018, don haka sai a tambayi lauya wadda take aiki a jihar da ake. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da hukumar ba da tallafin shari'a ga marasa ƙarfi duk suna karɓar irin wannan koke, kuma macen da ta shiga ofis tare da lauya ba irin kallon da ake yi wa wadda ta je ita kaɗai ake yi mata ba. Takarda ba ta tare wuƙa, wannan ba a musu. Amma wani nazari da aka yi a birnin Seattle aka wallafa a 2002 ya samu raguwar kashi 80 cikin 100 na dukan da ake kai rahotonsa ga 'yan sanda a wajen matan da suka sami umarnin kariya na dindindin. Can 'yan sanda suna zuwa da wuri idan an kira, nan kuwa ba kullum ba, shi ya sa a wajenmu takardar take buƙatar idon mai unguwa, liman, maƙwabta da 'yan sintiri. Ranakun da suka biyo bayan kai masa sammaci kuma ranakun ƙara kula ne.

Shawarar ajiye bindiga ko ɗauko 'yan daba ba ta cancanci dogon bayani ba. Mallakar bindiga ba lasisi laifi ne a Najeriya, makamin da ke cikin ɗaki yana iya komawa hannun wanda ya fi ƙarfi, dukan da aka sa aka yi masa kuma yana mayar da mai ƙara wadda ake ƙara.

Mafi wuyar amsawa ita ce hujjar da ake jinginawa da addini: uban 'ya'yanta ne, sulhu kuma alheri ne. A saki na ɗaya ko na biyu miji yana da damar kome kafin idda ta cika, wannan haka yake. Amma da zarar ta cika, ko aka yi khul'i, ko saki ya kai uku, ya zama bare kamar kowane namiji a titi, kuma umarnin neman izini kafin shiga gidan mutane da ke cikin Suratun Nur ya hau kansa. Ko a cikin iddar ma malaman fiƙihu sun yarda mace ta bar gidan idan tana tsoron halaka, mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi kuma ta ba alƙali ikon raba aure saboda cutarwa. Haƙƙinsa na ganin 'ya'ya yana nan, sai dai ba haƙƙin shiga ɗakin uwarsu ba ne. Ana iya kai yaran gidan kawu ko kaka ya gan su a can, alƙali ya tsara rana da lokaci, a kuma sanar da makarantarsu wanda aka yarda ya ɗauke su. Sulhu kuwa, ko a Hisbah za a yi shi ko a zauren mai unguwa, yana da ma'ana ne tsakanin mutum biyu da kowannensu zai iya cewa a'a ba tare da tsoro ba. Wanda aka ƙulla bayan an ce "sai na ga bayanki" miƙa wuya ne aka sa masa sunan sulhu, kuma masu matsa mata ta koma ba su ne za su kwana a ɗakin ba.

Saboda haka ne roƙon "ki fito mu yi magana ta ƙarshe, minti biyar kawai" ya fi zagi zama abin tsoro, musamman idan ya zo bayan wani shiru da sauƙin kai da ba a saba gani daga gare shi ba. Ba a amsa shi a ƙofar gida, ba a amsa shi a cikin mota, ba a amsa shi ko da ya zo da kuka da rantsuwa. Idan yana da kayan da zai karɓa, a kai su gidan mai unguwa ya ɗauka a can. Idan kuɗin da ya kashe a neman aure yake nema, kotu tana nan.