Sa'ad da Kalkuleta Mai Shiri ta Tsaya Cik

Sau da yawa ɗalibi yakan kawo wa malami kalkuleta yana cewa ta mutu, alhali kuwa ranta na nan. Muna maganar irin wadda ake rubuta mata shiri ne, watau jerin umarnin da za ta bi da kanta. Bari mu ɗauki TI-83 Plus, wadda kamfanin Texas Instruments na Amurka ya fitar a 1999, da ƙanwarta TI-84 Plus ta 2004, gama halinsu kusan ɗaya ne.

Da fari, idan fuskarta ba ta nuna kome, wataƙila hasken rubutun ne ya ragu. A danna 2nd, sa'an nan a riƙe kibiyar sama. In ba ta farfaɗo ba, a sake batura huɗun nan ƙanana.

Idan kuwa shiri ne ya ƙi ƙarewa, sai mu tambaya da wane harshe aka rubuta shi. Wanda aka rubuta da TI-BASIC, harshen da ke cikin na'urar, ba ya ban tsoro. A danna ON, zai tsaya, ta rubuta ERR:BREAK, ta ba da zaɓi biyu. Kada a yi saurin zaɓen Quit. Goto ne zai kai mutum layin da aikin ya tsaya.

Akwai wani kuskure da ya fi wahalar da masu koyo. Duk sa'ad da na'urar ta shiga zagaye irin na While ko Repeat, takan ajiye 'yar alama cewa tana jiran End. In mai shiri ya sa umarnin Goto ya yi tsalle daga cikin zagayen kafin a kai End, alamar tana nan ba a share ba. A sake shiga, a sake tsalle, wata ta ƙaru. Wurin aikin kuwa, wanda ake kira RAM, bai wuce kilobait 24 ba. Sai shirin ya riƙa jan ƙafa, daga baya ta rubuta ERR:MEMORY, ɗalibi ya hau share abubuwansa a banza. Maganin shi ne a gyara sharaɗin zagayen domin ya ƙare ta ƙofarsa. A ganinmu, gara mai koyo ya bar Goto gaba ɗaya sai hannunsa ya nuna.

Wasannin da yara ke karɓa daga abokai su ne babbar matsala. Yawancinsu da harshen asambli aka rubuta, wanda ke magana kai tsaye da ƙwaƙwalwar na'urar, watau Z80, ba mai tsaro a tsakani. In irin wannan ya rikice, ON ba ya jin kira. Sai a cire batir ɗaya a mayar. In ta ƙi, a cire dukansu har da ɗan ƙaramin mai kama da anini, a jira mintoci kaɗan. Za ta tashi ta rubuta RAM cleared, duk abin da ke wurin aikin ya tafi ke nan, ko da aikin zango guda ne.

Saboda haka kafin a gwada baƙon shiri, a danna 2nd da MEM a kai muhimman shirye-shirye rumbun da ake kira Archive, wanda cire batir ba ya taɓawa. Tauraro zai bayyana a gefen sunan kowanne, kuma sai an fito da shi kafin ya sake aiki.

'Yan ajin ƙarshe kuma su tuna, WAEC ba ta yarda a shiga ɗakin jarrabawa da kalkuleta mai shiri ba.