Zawon Ɗan Maraƙi da Bugun Zuciyarsa

Daga Bebeji da Kiru har zuwa Tudun Wada da Doguwa, musamman a gefen madatsar ruwa ta Tiga wadda aka kammala a 1974, da kuma bakin dajin Falgore, akwai rugage masu yawa na masu kiwon farfarun shanu. Kowane makiyayi a wannan yanki ya san zawon da kan kama 'yan maruƙa cikin makonni uku ko huɗu na farkon haihuwarsu. Amma kaɗan ne suka san cewa sau da yawa, a ƙarshen ciwon, zuciyar maraƙin ce ke tsayawa.

Mafarin al'amarin wani sinadari ne da masana ke kira fotasiyam. Sunan ya samo asali ne daga kalmar Turanci mai nufin tokar tukunya, domin kuwa daga gishirin toka Humphry Davy ya fara ware shi a Ingila a 1807. Watau dai shi ne ke cikin ruwan tokar da mata kan tsiyaye su zuba a miya. A jikin dabba mai lafiya, wajen kashi 98 cikin 100 na fotasiyam yana ɗaure ne a cikin ƙwayoyin tsoka da na sauran sassa, ɗan kaɗan ne ke yawo cikin jini. Wannan bambanci na ciki da waje shi ke ba zuciya ɗan lantarkin da take bugawa da shi.

To, idan zawo ya tsananta, sai ruwa ya tsiyaye daga jikin maraƙi, tare da gishirin da ke kashe tsamin jini. Jini kuwa da ya yi tsami, sai fotasiyam ya fito daga ƙwayoyin ya taru a cikinsa. Ƙoda, wadda aikinta ne ta zubar da rarar, ba ta da ruwan da za ta yi fitsari. Abin mamaki a nan shi ne, jiki gaba ɗayansa yana cikin ƙarancin fotasiyam saboda wanda ya bi kashi, alhali jini ya cika da shi har ya yi yawa. Lafiyayyen maraƙi zuciyarsa kan buga sau 100 zuwa 120 a minti guda. Wanda ruwa ya ƙare masa, kamata ya yi tasa ta ƙara sauri. Saboda haka in aka ɗora hannu a bayan gwiwar ƙafarsa ta gaba ta hagu, aka ji bugun ya ragu ƙasa da 90, ko yana tsallake, ga ido ya faɗa, kunne ya yi sanyi, lalle halaka ta kusa.

Muddin maraƙi yana iya tsotson yatsa, ruwan gishiri da sukari ta baki yana da amfani ƙwarai, kuma ba a hana shi nonon uwarsa. In ya kwanta ya daina tsotso, ɗura ba ta da sauran fa'ida, tana ma iya sarƙe shi. Sai malamin dabbobi ya yi masa ƙarin ruwa ta jijiya, da sukari da maganin kashe tsami, waɗanda ke mai da fotasiyam mazauninsa. Maganin nan ɗan'uwan kanwar da makiyaya ke ba shanu ne, sai dai ita kanwa ba a san ma'auninta ba, ba ta kuma da tsabtar da za ta shiga jijiya.

Rigakafi mafi arha shi ne dakashi. Hanjin maraƙi yana karɓar garkuwar da ke cikinsa sosai a sa'o'i 6 na farko. Bayan kwana guda ƙofar ta rufe.